Tambaya Rabin Ilimi: Mai aikin ƙarau da iskar oksijen

 

Tambayar wanga wata ta hito daga ajinmu na dare. Wani saurayi ne, ɗalibina. Ya yi shekara 3 yana cin rani a bakin teku. Can ya zauna wajen wani mai narka ƙarau da harshen wuta, yana yin duwatsun wuya da ƴan kunne. Ya koyi aikin, ya komo gida, yana so ya kafa nashi. Rannan da munka tashi karatu sai ya tsaya, ya ce mini: "Malam, baba ya yarda in saida bijimi 2. Amma ban san abin da zan saya ba, butalin oksijen ko injin tace iska. Ga shi tun can nike tari, inna tana jin tsoro."

Bijimi 2 ba abin wasa ba ne. Ƙirji kuwa ba a sayen sabo a kasuwa. Don haka na je wajen masu walda na birni, na je wajen malamin asibiti, na yi tambaya. Ga abin da na samo.

Aikin ƙarau ba baƙo ba ne

Uwayenmu mata sun san munduwar ƙarau ta Bida, ƙasar Nupe. Masu yin ta ana ce musu Masaga. Suna narka kwalabe cikin murhun laka, da itace da zugazugi. A Gana, mutanen Krobo suna daka kwalba ta zama gari, su zuba cikin ƴan ramukan laka, su gasa. A ƙasar Italiya akwai tsibirin Murano, kusa da birnin Benis. A shekara ta 1291 hukumar birnin ta maida masu narka ƙarau can, don tsoron gobara. Masu yin ƙananan duwatsu a da suna aiki da hitilar mai da zugazugin ƙafa. Yau an maye hitilar da bakin wuta na ƙarhe mai tiyo 2: ɗaya na gas, ɗaya na oksijen.

Mi ne ne oksijen?

Iskar da muke shaƙa haɗi ce. In an kasa ta kashi 100, kashi 78 azot ne, wanda malaman gona ke ambata a zancen takin zamani. Kashi 21 oksijen ne. Sauran kashi 1 tarkace ne. Oksijen shi ne abincin huhu, kuma shi ne abincin wuta. Sa'ad da maƙeri ke zuga, oksijen yake turawa cikin gawayi.

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Wutar gas cikin iskar Allah tana kai kusan digiri 2000. In an ba ta oksijen zalla, tana kai kusan digiri 2800. Ƙarau iri 2 ne ga masu wanga aiki. Akwai mai taushi, dangin na kwalba, mai saurin narkewa. Akwai mai tauri, irin na kwalaben awon jini masu jure wuta. Mai tauri ba ya aikatuwa sai da oksijen.

Hanya ta 1: butali

Shi ne dogon tulun ƙarhe da kuke gani tsaye a rumfar masu walda. Babba yana cin lita 50 in da ruwa za a zuba. Amma ana danna iska a ciki da ƙarhin bar 200, sai ya ɗauki wajen lita 10.000. Ƙafar ƙaramar mota bar 2 da ɗan kai take ɗauka. Kun ga ƙarhin da ke cikin butali ya ninka na taya sau 80 ko hiye.

Mu yi lissahi kamar a aji. Ƙaramin bakin wuta in yana shan lita 5 a minti 1, lita 10.000 za ta yi minti 2000. Wato awa 33 da ɗan kai. Mai aikin awa 4 a yini, kwana 8 ya shanye butali.

Amfaninshi: oksijen ɗinshi kusan zalla ne, wutarshi tana da kaihi, kuma ba ruwanshi da lantarki. Wahalarshi: ya hi kilo 50 nauyi, kuma duk ya ƙare sai an kai shi babban birni an cika. Mutumin ƙauye ya lissafa kuɗin cikawa, da kuɗin mota zuwa da komowa, da kwanakin da zai zauna babu aiki.

Hanya ta 2: injin tace iska

Wanga inji don marasa lahiya anka ƙera shi, daga baya masu aikin ƙarau sunka gane yana yi musu. Girmanshi kamar ƙaramin akwati ne mai ƙafahun taya. Aikinshi tankaɗe ne. Yana jan iskar ɗaki, ya tura ta cikin wani yashi da ake kira ziyolit. Yashin ya riƙe azot, oksijen ya wuce. Sannan injin ya saki azot ɗin ya koma cikin ɗaki. Abin da ke hitowa oksijen ne kashi 90 zuwa 95 cikin 100.

Akwai mai ba da lita 5 a minti, yana cin lantarki wajen wat 300 zuwa 400. Akwai mai lita 10, yana cin wajen wat 600. Mai lita 5 ya ishi ƙaramin bakin wuta da ƙarau mai taushi. Babban aiki yana son mai lita 10, ko a haɗa inji 2.

Amfaninshi: ba ya ƙarewa, ba a kai shi birni, kuma ba ya tara iska mai yawa da za ta yi ɓarna. Wahalarshi 3 ce, kuma dukansu a ƙasarmu suke. Ta farko lantarki: in wuta ta ɗauke, aiki ya tsaya. Mai dogara ga hasken rana sai ya tanadi faranti da batura masu yawa. Ta biyu ƙura: hazon hunturu yana toshe matatarshi, sai an riƙa wanke soson bayanshi ko wane mako, a bari ya bushe sarai. Ta uku zahi da laima: yawancinsu an ƙera su don wurin da bai wuce digiri 35 ko 40 ba, ɗakin kwano kuwa da bazara ya wuce haka. Laimar damina kuma tana kashe yashin ciki.

Akwai hanya ta 3, oksijen mai ruwa-ruwa, mai sanyin digiri 183 ƙasa da sihiri. Wannan ta manyan asibitoci ce da masana'antu, ba tamu ba.

Injin hannu: hattara

Sabon inji yana da tsada, shi ya sa masu sana'a ke sayen wanda ya tsufa a aikin asibiti. Ɗalibina ya tambaya ko cutar mai shi na farko ba za ta kama shi ba. Amsa ita ce a yar da tsohon tiyon hanci da ƴar kwalbar ruwa, a sake matatu, a goge jikin injin. Bayan haka iskar wuta za ta sha, ba mutum ba. Ya kuma tambaya ko injin ba zai shanye iskar ɗaki ba. In tagogi suna buɗe, ba zai shanye ba.

Kahin a biya kuɗi, a duba ƴan lambobin da ke nuna awa nawa ya yi aiki. A sa mai gyara ya auna ƙarhin oksijen ɗin. Tsohon inji yana iya yin ƙara yana hura iska, alhali yashinshi ya mutu.

Ga magana mai nauyi. In wani ya kawo muku inji da araha, da hatimin asibiti a jikinshi, babu takardar saye, kada ku karɓa. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce ciwon huhu ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 hiye da 700.000 a shekara ta 2019. Yaron da numfashi ya yi ma wuya, wanga inji ne ke riƙe shi har magani ya kama. A watan Afrilu na 2021, lokacin annobar korona, gwamnatin Indiya ta hana yawancin masana'antu oksijen don a kai ma asibitoci. Dutsen wuya yana iya jira, yaro ba ya iya jira. Wanda ya sayi injin sata, wata rana ɗanshi ne za a kai a tarar babu.

Haka kuma injin da ya shiga rumfar aiki, da butalin masu walda, kada a sa ma marar lahiya a gida. Oksijen ga marar lahiya magani ne, likita ke auna shi.

Abin da ke cuta

Oksijen ba shi ne ke sa tari ba. Hayaƙin aikin ne.

1. Huhu. Wuta mai tsananin zahi tana haɗa azot da oksijen, su zama wata iska mai cin maƙogwaro da huhu. Wani lokaci sai bayan awowi mutum zai ji ƙirji ya riƙe. Gas in bai ƙone sarai ba yana ba da guba irin ta gawayi a ruhahhen ɗaki, marar wari, mai sa ciwon kai da jiri. Wasu launukan ƙarau suna da dalma da waɗansu ƙarafa masu guba. Maganin duka iska mai gudu: ta shigo ta bayan mai aiki, fanka ta ja hayaƙi ta gabanshi ta hid da shi waje. Ƙyallen ruhe hanci ba ya tare wanga hayaƙi. Mai injin lantarki na mai ya aje shi waje, nesa da taga.

2. Ƙura. Garin kwalba da busasshiyar lakar da ake shafa ma sandar ƙarhe suna zama cikin huhu, ba su hita. Kada a share da tsintsiya a bushe. A yayyafa ruwa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a ci abinci a wurin. Yara da mata masu ciki su nisanta.

3. Ido. Ƙarau in ya shiga wuta yana tada haske rawaya mai kashe ido. Zahinshi kuma, shekara da shekaru, yana kawo yanar ido. Akwai tabarau na wanga aiki, sunanshi didimiyom. Mai aikin ƙarau mai tauri yana son wanda ya hi shi duhu. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tsare komi.

4. Gobara. Oksijen ba ya kamawa shi kaɗai, amma duk abin da ya jiƙa yana ci kamar busasshiyar ciyawa. Mai da maiko su ne manyan abokan gabarshi. Kada a shafa ko wane irin mai a bakin butali, ko man gyaɗa, ko man shanu. Kada a taɓa shi da hannu mai maiko. Kada a kaɗe ƙurar riga da shi. Ba taba, ba ashana. A sa rigar auduga, ban da ta leda mai narkewa a fata.

Dokokin rumfa

Butali ya tsaya tsaye cikin inuwa, ɗaure da sarƙa jikin bango. In za a ɗauke shi, a sa mishi hularshi ta ƙarhe, don in ya faɗi bakinshi ya karye yana iya fasa bango. A sa agogon rage ƙarhi wanda anka yi don oksijen. A sa makarin wuta a tiyo, don kada harshe ya koma baya cikin butali. A buɗe sannu-sannu, mutum yana tsaye gehe. Wajen kunnawa, gas ne farko, sannan oksijen. Wajen kashewa, oksijen ne farko, sannan gas. Butalin gas ya zauna waje, don gas ya hi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Ana neman yoyonshi da kumfar sabulu, ba da ashana ba.

Kada ku dogara ga launi. A Turai kafaɗar butalin oksijen fara ce, tiyonshi shuɗi. A Amurka kore ne. Kaya kuwa daga ko'ina suke zo muna. Ku karanta rubutun: baƙin O, da ƙaramin 2 a gindinshi. Kun ga ranar karatu ke nan. Wanda ya iya baƙaƙe, ba a ba shi wata iska a ce oksijen ce.

Abin da na ce ma ɗalibina

Na ce mishi: "Ƙanena, asibiti farko, kasuwa daga baya. Tarin da ya wuce mako 2 sai an auna majina, ko tarin huka ne. In shi ne, yana da magani, wata 6 ana sha, kuma ana warkewa. Ka gaya ma likita aikin da ka yi da hayaƙin da ka shaƙa. In ya ce huhunka ba ya ɗauka, ka haƙura. Gona tana nan."

Na ce kuma: "In ya ba ka hanya, kada ka saida bijimi 2 rana ɗaya. Akwai ƙaramin bakin wuta mai aiki da gas kaɗai, yana jan iskar Allah da kanshi. Yana da ƙara, yana da nawa, amma yana narka ƙarau mai taushi. Fara da shi. Kuɗin farko su tahi ga tabarau da fanka da rumfa mai iska. Ka kai kayanka kasuwa 10, ka ga ko mata suna saye. In sana'a ta kama, sannan ka zaɓa. In kana garin da lantarki ke zama, inji ya hi sauƙi a kwana a tashi. In babu lantarki amma kana kusa da inda ake cikawa, butali. In babu ko ɗaya, ka tuna mutanen Bida da na Krobo sun ci abinci da wagga sana'a tun ba a san butali ba."

Ya yi shiru, ya ce zai shawarci baba. Ranar kasuwa na gan shi a layin awo a asibiti, bijiman kuma suna nan ɗaure a turke.

Ƴan uwa, wanda ke da ɗa ko ƙane mai aiki da wagga iska, ko mai walda ne, ko mai yankan ƙarhe, ya karanta mishi wanga shahi. Mai tambaya kuma ya rubuto da hannunshi, ko da baƙaƙen sun karkace, ya ba malamin ajinsu ya aiko.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lahiya da zama lahiya.