Ƙofar da Ɗalibai Suka Gina

'Yan'uwa ɗalibai, kusan duk saƙon da ya fita daga wayoyinmu zuwa intanet, ta wata 'yar ƙofa yake bi, wadda masana ke kira soket. Manhaja takan roƙi tsarin da ke tafiyar da na'ura ya buɗe mata ita, ta faɗi adireshi da lambar tasha, sa'an nan ta riƙa rubutu da karatu ta cikinta tamkar fayil. Na'ura ɗaya na sauraro, ɗaya na ƙwanƙwasawa.

Wannan tsari ya fito ne a 1983, cikin Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Barkeli, mai suna 4.2BSD, da kuɗin hukumar DARPA ta ma'aikatar tsaron Amurka. Cikin maginansa har da Bill Joy, wanda ya shiga aikin yana ɗalibi. A 1989 jami'ar ta saki sashen sadarwar ga kowa, kuma da aka tsara Winsock domin Windows a 1992, sawun Barkeli aka bi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Su an ba su asalin rubutun Unix, su kwance su ɗaura. Mu kuwa, sai mutum ya kammala digirin kwamfuta bai taɓa haɗa na'ura biyu da harshen C ba. Gobe shi ne jami'i a ma'aikata. Sadarwa ta tsinke, sai a nemo ɗan kwangila da kuɗin talakawa.

Rubutun Linux da FreeBSD kyauta ne yau. Muna roƙon malamanmu su sa rubuta soket cikin aikin dole na shekara ta biyu. Kwamfuta biyu da igiya ɗaya sun isa.