Ilimi kogi ne: yadda haske da haske ke haifar da duhu

Idan damina ta kankama a Damagaram, tabkunan garin Zindar sukan cika maƙil, yara su riƙa jefa tsakuwa a ciki. Duk wanda ya jefa biyu a lokaci guda zai ga igiyoyin ruwa sun bazu sun gamu. Inda tudu ya hau tudu, ruwa ya ƙara tashi. Inda tudu ya faɗa kwari, ruwa ya kwanta lumui.

Wannan hali na ruwa shi ne wani likita ɗan Ingila, Thomas Young, ya gano a jikin haske, ya kuma bayyana wa masanan Landan a shekarar 1803. In aka bi da haske ta tsaga biyu sirara, maƙwabtan juna, ba layi biyu ke fitowa a bango ba, sai jerin layuka: haske, duhu, haske, duhu. Ashe haske ma tafiyar igiya yake yi. Magoya bayan Newton, masu cewa haske ƙwayoyi ne, sun ƙi yarda, har sai da Bafaranshe Augustin Fresnel ya zo da lissafin da ya ci kyautar majalisar masanan Faransa a 1819.

Launi kuwa tsawon igiyar ne. Ta jan haske, kimanin 1500 ke shiga milimita guda. Ta shuɗi ta fi gajarta, shi ya sa layukanta suka fi matsuwa.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Amma ɗalibai da yawa haddar wannan darasi suke yi saboda jarrabawa, ba su taɓa ganin layukan da idonsu ba. Alhali kayan gwajin ba su fi ƙarfin malami ba: gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, reza biyu da za a haɗa a ja layi da su, da 'yar tocilar leza ja, wadda ba a haska ta a idon kowa. In tsagogin na da ratar kashi 1 cikin 10 na milimita, bango kuma na nesan mita 2, tsakanin layi da layi zai kai milimita 13, abin da ɗalibi zai auna da kansa.

Daga Lise Amadu Kuran Daga har Jami'ar André Salifou, ƙasa na jiran masana. Kowane masani kuwa, wata rana malami ne ya rufe tagogin aji ya nuna masa.