Aminan laburare: daga kwalin tsofaffin littattafai zuwa akwatin zaɓe

A shekarar 1961 wasu mutane ƙalilan a birnin San Faransisko na Amurka, cikinsu har da Marjorie Stern da Mary Louise Stong, suka kafa ƙungiyar da suka kira Aminan Laburare. Ba ma'aikatan gwamnati ba ne, kuma ba mai biyansu ko sisi. Abin da ya ci musu tuwo a ƙwarya shi ne babban laburaren birnin, ginin 1917, ya yi wa jama'a kaɗan, littattafansa sun tsufa, kuma duk ranar rabon kasafi shi ne ɗan bora.

Ba su ne farau ba. Tun 1922 aka kafa irin wannan ƙungiya a garin Glen Ellyn na jihar Illinois. Na zaɓi ta San Faransisko ne saboda inda ta kai.

Aikin da aka fi saninsu da shi mai sauƙi ne a ido. Mutane su kawo littattafan da suka gama da su, 'yan sa-kai su zauna suna buɗe kwali bayan kwali, suna kaɗe ƙura, suna ware na yara daban, na tarihi daban, wanda ruwa ya taɓa a ajiye gefe. Shekara da shekaru sun riƙa baje su a Fort Mason, tsohon sansanin soja da ke bakin teku, a yi kwanaki ana ciniki, ranar ƙarshe a karya farashi zuwa dala ɗaya. Ribar ta tafi ga laburare.

Da nan suka tsaya, da ban ɗauki alƙalami a kansu ba. Kuɗin tsofaffin littattafai ba ya biyan albashi, ba ya gina bene. A 1978 jihar Kalifoniya ta zaftare harajin gidaje da filaye, wanda da shi birane suke gudanar da ayyukansu, laburarori suka ji a jikinsu. A San Faransisko an yi shekaru ana rage lokutan buɗewa, ana barazanar rufe rassan unguwanni. Shugabannin ƙungiyar ba su ce bari su ƙara yawo da ƙoƙon bara ba. Sun fita neman sa hannun jama'a, suka kai magana akwatin zaɓe. A 1994 masu ƙuri'a suka amince da dokar da ta ware santi biyu da rabi daga kowace dala 100 ta ƙimar kadarori, na laburare kaɗai, har shekara 15. Daga ranar, ko wane ne magajin gari, hannunsa ba ya kaiwa ga wannan kaso.

Wannan shi ne abin da nake kira shugabanci. Ɗan sa-kai na gari ba ya sauke wa hukuma nauyinta ya ɗora wa kansa. Yana tsare ta ne har ta ɗauka. Kuma abin yana son dogon numfashi: a 1988 aka amince da bashin dala miliyan 109.5 don sabon ginin babban laburaren, aka buɗe shi ranar 18 ga Afrilu 1996, shekara 90 cif bayan girgizar ƙasar da ta rusa birnin. Marjorie Stern ta ga ranar da idonta, shekara 35 bayan kafa ƙungiyar. An sabunta dokar kason a 2007, aka sake sabunta ta a 2022, wannan karon har shekara 25, a hannun shugabannin da yawancinsu ba su san zamanin kafuwa ba.

Wannan batu yana sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na taɓa zama sakataren wani kwamiti da muka kafa don ɗakin karatun garinmu. Mun sayi kwano muka toshe inda rufi yake yoyo a kan kantar jaridu, muka sayo fankoki biyu, muka ɗauki hoto. Shugabanmu mutumin kirki ne, da aljihunsa ya yi rabin aikin. Amma komai a kansa yake: makulli, lambar kafinta, lissafin kuɗi. Ba mu sa wa'adi ba, ba mu yi masa mataimaki ba, kuma ko sau ɗaya ba mu je mun tambayi nawa aka ware wa ɗakin a kasafin shekara ba. Da aka yi masa canjin wurin aiki, taro ya mutu cikin wata uku. Mun iya aikin gayya na yini guda, amma ba mu tanadi wanda zai dawo gonar washegari ba.

Kundin taronmu yana nan a durowata, shafi shida kacal aka cike. Na kira mutum huɗu da suka rage a gari, mun sa ranar Asabar bayan La'asar, kuma abu na farko a ajanda shi ne wa'adin shugaba da sunan mataimakinsa. Na biyu, takardar neman ganin kasafi.