Filin Ƙwallon Lambu A Cikin Ɗaki: Sanda Ce Alƙali

Tun lokacin da aka buɗe gasar nan ta TGL a jihar Fulorida ta Amurka cikin watan Janairun shekarar 2025 sha'awar buga ƙwallon lambu a cikin gini ta ƙaru a zukatan masu wannan wasa. Gasar ta Tiger Woods ce da Rory McIlroy, kuma a can 'yan wasa suna buga ƙwallo ne zuwa ga wani ƙaton allo mai faɗin ƙafa 64 da tsayin ƙafa 53. Kafin su kuwa mutanen Koriya ta Kudu sun daɗe da yin nisa a wannan fage, domin kamfanin Golfzon da aka kafa a shekarar 2000 ya baza dubban ɗakunan wasa a biranensu, ma'aikaci ya tashi daga ofis ya biya ya buga ramuka goma sha takwas ba tare da takalminsa ya taɓa ciyawa ba. To, a yau irin wannan na'ura ta ƙanƙance har ana iya kafa ta a gida, ga shi kuwa muna da masu wasan a Ikoyi da Abuja da Jos da Kaduna da Kano, waɗanda rana ko ruwan sama ko cunkoson hanya kan hana su zuwa fili.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin ba wani siddabaru ba ne. Shimfiɗa ce ta ciyawar roba, da labule mai kauri wanda ke tare ƙwallo, da majigi mai haska hoton fili a jikin labulen, sai wata 'yar na'ura da ke auna saurin ƙwallon da kusurwar tashinsa da yadda yake juyawa. Kwamfuta ce ke ƙarasa lissafi, ta nuna maka inda ƙwallon zai faɗi da a ce a fili kake.

Mafi yawan masu niyya sukan fara da tambayar wace na'ura ce ta fi kyau. A ganina wannan ita ce tambaya ta ƙarshe. Ta farko ita ce, shin ɗakin zai ɗauki mutum da sandarsa? Tun ran gini tun ran zane. Sanda mafi tsawo a jakar ɗan wasa takan kai inci 45 ko kusa da haka, idan kuwa dogon mutum ya ɗaga ta ya kaɗa, kanta yakan zana da'ira mai faɗi a sama da bayansa. Saboda haka masu sana'ar suka yi ittifaƙi a kan cewa ƙafa 9 daga ƙasa zuwa silin shi ne mafi ƙaranci, ƙafa 10 kuma ita ce inda hankali ke kwanciya. Faɗi da zurfi ana iya yi musu dabara. Tsayi kuwa ba ya jin lallashi.

A nan ne gidajenmu suke da tarko. Mai gida zai ce maka ai ginin ƙafa goma ne, ya manta an zo an yi masa silin ɗin POP wanda ya ci wani abu daga sama, an kuma rataya fanka a tsakiyar ɗakin wadda ta sauko da ƙafa guda ko fiye. Ita kanta shimfiɗar ciyawar tana ɗaga mutum da inci ɗaya ko biyu. Wato awon da ke da amfani shi ne daga saman shimfiɗa zuwa ƙasan abu mafi sauka a ɗakin, ko fanka ce, ko fitila, ko bim ɗin kankare. Fankar sama dai dole ta sauka, ba ta da wurin zama a irin wannan ɗaki.

Mai karatu zai iya cewa, to idan sandar tana wucewa da ɗan tazara kaɗan ai shi ke nan. A'a, ba shi ke nan ba. Jikin ɗan'adam ya fi tef ɗin awo tsoro. Muddin ido ya san silin na kusa, hannu zai taƙaita da kansa, kafaɗa ta ƙi juyawa, mutum ya riƙa kwantar da sandar ba da saninsa ba. Wata uku yana maimaita wannan gurguwar kaɗawa kowane dare, sai ta zame masa ɗabi'a, ran da ya fita fili ya tarar bugunsa ya lalace. Ka ga na'urar da aka saya da kuɗi masu yawa domin gyaran hannu ita ce ta ɓata shi. Wannan hasara ta fi ta fasa silin, domin silin birkila ko kafinta na gyara shi cikin yini guda.

Gwajin kuwa kyauta ne. A ɗauki doguwar sandar a shiga ɗakin, a tsaya daidai inda ake nufin sa shimfiɗa, a kaɗa a hankali, sannan a ƙara ƙarfi har a kai yadda ake yi a fili. Idan akwai wanda ya fi kowa tsawo a cikin masu amfani da ɗakin, shi ne zai yi gwajin. In ta ƙi, babu abin kunya mutum ya haƙura da gajerun sandunan ƙarfe, waɗanda mai lamba 7 a cikinsu ba ta wuce inci 37 ko makamancin haka ba. Da yawan maki ma a hannun waɗannan gajerun ake samunsu ko a zubar da su.

Sai maganar zurfi, wadda ita ce ke zaɓar maka na'ura, ba aljihunka kaɗai ba. Na'urorin awo iri biyu ne. Akwai masu aiki da igiyar rediyo, wato radar, irin su TrackMan na ƙasar Danmak, da FlightScope Mevo+, da Garmin Approach R10 wadda ta fito a 2021 a kan kimanin dala 600. Waɗannan a bayan ɗan wasa ake ajiye su, ita R10 tana son ƙafa 6 zuwa 8 a bayan ƙwallo, kuma tana son ƙwallon ya yi tafiyar aƙalla ƙafa 8 kafin ya bugi labule. Idan aka haɗa da ƙafa guda da ake bari tsakanin labule da bango, ana maganar ƙafa 15 ko fiye ke nan. Ɗakin nan namu na sha biyu sha biyu bai kama hanya ba. Bugu da ƙari, radar ba ta jituwa da abu mai juyawa, fankar tsaye da aka kunna saboda zafi tana iya rikita mata lissafi.

Ɗayan irin kuwa da kyamara yake aiki, kamar SkyTrak da na'urorin kamfanin Foresight. Su a gefen ƙwallo suke zama, suna ɗaukar hotunansa a 'yan incin farko na tashinsa, saboda haka ba ruwansu da zurfin ɗaki. Ga ƙaramin ɗaki su ne suka dace, ko da sun fi R10 tsada. Arhar da ta ƙi aiki a ɗakinka ai ba arha ba ce. Aibinsu guda, idan akwai bahago a cikin abokai sai an riƙa ɗauke na'urar daga wannan gefe zuwa wancan. Akwai waɗanda ake kafewa a silin, irin na kamfanin Uneekor, amma su kuma sun mai da mu ga maganar tsayi.

Faɗi ba ya bukatar dogon bayani. Ƙafa 10 tana isa idan aka matsar da wurin bugu zuwa gefe guda domin sanda ta sami sarari a bayan mutum. Wanda ke son ya tsaya a tsakiya, na dama da bahago su yi wasa tare, sai ya nemi ƙafa 14 ko 15. A ƙaramin ɗaki labule mai kusan murabba'i ya fi mai faɗi irin na silima dacewa, majigin kuma a nemi mai haskawa daga kusa, don kada inuwar mutum ta rufe filin. Wanda ma ya bar majigin gaba ɗaya, ya rataya raga ya duba sakamako a talabijin ko a wayarsa, bai rasa komai na koyo ba.

Abin da ban yarda a yi masa sassauci ba shi ne tsaro. Ƙwallon lambu bai wuce giram 46 ba, amma daga doguwar sanda yakan fita da gudun da ya haura kilomita 200 a sa'a. Idan labule ya ɗaure tamau, ko ya manne da bango, ƙwallon dawowa zai yi kan mai shi. Idan bugu ya goce, gefe zai nufa, inda taga take. Gajerun sanduna masu ɗaga ƙwallo kuma silin suke nema. Don haka gefuna da sama duka suna bukatar raga ko soso mai kauri. Ƙofar ɗakin ta kasance a gaban idon mai bugu, kuma a kulle ta, domin yaro ba ya sallama kafin ya rugo, kan sandar kuwa a daidai tsayin kansa yake wucewa. Mai zaune a bene na haya ya tuna cewa ƙarar kowane bugu tana ratsa bango, tun kafin maƙwabci ya kai ƙara wurin mai gida.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani a ranar saye. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori ba sa buɗe maka filayen wasa sai da kuɗin rajista na shekara shekara, da dala ake biya. Majigi da kwamfuta ba sa son wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, sai an haɗa musu da inbata ko na'urar daidaita wuta. Tunda an sauke fanka, sai a yi tanadin na'urar sanyaya ɗaki, ita ma a kafa ta nesa da inda sanda ke bi. Wanda garejinsa ya fi ɗakunansa tsayi, ya fara kai tef ɗin awo can kafin ya taɓa siton uwargida.