Ra'ayina: Mu Fara da Abin da Kwamfutocinmu Za Su Iya Ɗauka



Kulob ɗin kwamfuta na makarantarmu zai fara koyon haɗa manhajar waya a wannan zangon, amma gardama ta kaure kan abin da za mu yi aiki da shi. Yayyenmu 'yan aji uku sun ce sai Flutter na kamfanin Google, wanda ake rubutawa da yaren Dart. Wasu kuma React Native suke so, wanda Facebook ya fitar a 2015. Hujjarsu ɗaya ce: ka rubuta manhaja sau ɗaya, ta yi aiki a Android da iPhone.

Haka ne, amma mutum nawa ne a ajinmu ke da iPhone a gida? Manyan wayoyin iyayenmu yawanci Tecno ne da Infinix da Itel, duk Android. Kuma wanda zai haɗa manhajar iPhone yana buƙatar kwamfutar Mac, sannan ya biya Apple dala 99 duk shekara kafin ya sa ta a shagonsu. Mu da ko man janareta sai mun yi karo-karo!

Ga kuma nauyi. Masu Flutter galibi sai sun sauke Android Studio, mai cin data da wuri sosai. Tsofaffin kwamfutocinmu kafin su buɗe shi an buga ƙararrawa, ko an ɗauke wuta.

Ni a ganina mu fara da App Inventor na jami'ar MIT da ke Amurka. Kyauta ne, a intanet ake buɗe shi, kuma ba a rubuta dogon umarni, jawo tubala ake yi ana jera su kamar gini. Ko ɗan aji ɗaya zai gane. In an gama, sai ya ba ka fayil ɗin APK, ka tura wa abokinka ta Xender. Aibinsa ɗaya da na gani shi ne ba ya tafiya sai da intanet.

Yayyenmu suna cewa wasan yara ne. To, ai yaran ne mu, kuma Flutter ba zai gudu ba kafin mu shiga babbar sakandare.

Ina roƙon Malamin kwamfuta ya ba mu sati shida mu gwada haɗa manhajar jadawalin jarrabawa da Hausa. In ba ta yi aiki a wayar Shugaban makaranta ba, sai a koma ga zaɓin 'yan aji uku.