Mudun da A Ke Auna Aikin Asibiti

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filina na kowane mako in yi magana da 'yan'uwa malamai da akawuna a kan mudun da a ke auna aikin asibitocin ƙasar nan, da yadda mudun nan ya ke tsallake garuruwa irin Gozaki.

Dalilin awon a fili ya ke. Cikin 2014 aka kafa dokar lafiya ta Nijeriya, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ƙananan asibitoci da kula da talakawa; daga baya gwamnati ta ƙudurta a tsayar da asibiti guda a kowace mazaɓa. Jihar Katsina kaɗai tana da mazaɓu 361 cikin ƙananan hukumomi 34. To, wanda ya ba da kuɗi tilas ya tambayi abin da kuɗin ya haifa, watau a dubi abin da aka zuba na ma'aikata da magani, a gwada da abin da ya fito na lafiya. Wannan daidai ne.

Amma manomin Gozaki ya san ba a gwada mai noman fako da mai noman fadama ta yawan buhunan masara kawai. Sai an tambayi irin ƙasar da kowa ya tarar. Binciken lafiya na gida-gida na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, 187 ke rasuwa kafin shekara biyar a Arewa maso Yamma, a Kudu maso Yamma kuwa 62. A jihar Kebbi 252 ne, a Ogun 30. Wanda ya ɗauki wannan lissafi ya ce malaman asibitinmu ragwaye ne, na Ogun ƙwazo gare su, ya yi gaggawa. Gama cikin lissafin nan akwai nisan hanya, da ruwan sha, da yunwar bazara, da ƙarancin karatun mata, waɗanda ba malamin asibiti ne ya kawo su ba.

Shi ya sa na ga hikimar shirin da Bankin Duniya ya ba dala miliyan 500 cikin 2015, wanda ya biya jihohi gwargwadon ci gaban da kowace ta yi bisa inda ta tashi, kamar yawan yaran da aka yi wa rigakafi da matan da ƙwararriyar ungozoma ta karɓi haihuwarsu. Jiha ta yi tsere da jiyanta ke nan, ba da Ikko ba.

Duk da haka da sauran magana, ita ce kuwa ta fi damuna. Binciken gida-gida iyakarsa jiha. Yana haɗa birnin Katsina da Funtuwa da ƙauyukan Kafur ya zuba cikin ƙwarya ɗaya, sa'an nan ya fitar da tsaka-tsaki. Abin da ya rage domin auna mazaɓa sai littafin asibiti, wanda a ke tarawa kowane wata a aika sama ta kwamfuta. Littafin nan kuwa wanda ya zo kaɗai ya sani. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama cikin Agusta, rafi ya cika, hanya ta yanke, uban yana gona, aka sayo masa ƙwaya a kemis, ya rasu aka rufe shi kafin la'asar, ba shi cikin littafin kowa. Har ma asibitin da mutane suka daina zuwa ya kan fito da littafi mai tsabta, ba mutuwa ko ɗaya, wanda ke zaune a ofis ya ga kamar ya fi kowa aiki.

Ba kuwa sabon abu ba ne a ƙasar nan a bi gida-gida. Cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila sun zauna a ƙasar Malumfashi, suka ƙidaya mutane, suka riƙa rubuta haihuwa da mutuwa. Kafin su ma, dagatai da masu unguwa sun san kan kowane baligi domin haraji, da kan kowace saniya domin jangali, har aka soke su cikin 1979 lokacin muna jihar Kaduna. Ashe an iya ƙidaya saniya, jariri ne ya gagara?

Shawarata ita ce a ba kowane mai unguwa littafi, a sa malamin makaranta ya taimake shi. Limami da ya raɗa suna ya faɗa, wanda ya yi jana'iza ya faɗa, a rubuta rana da shekarun mamaci. Ƙarshen wata malamin asibiti ya aza wannan littafi kusa da nasa, a aika da su biyu Kafur, a kuma karanta wa jama'a adadin bayan sallar Juma'a. Ina roƙon malaman Dabai da Ƙanƙara da Bakori su rubuto su faɗi ko masu unguwarsu za su iya ɗaukar wannan aiki.

Wassalam.