Muna Kukan An Sace Mana Littafi, Mu Nawa Muka Taɓa Biyan Mawaƙi?



Babu makon da zai wuce ba mu ji wani daga cikinmu yana kuka ba: ya yi wata uku yana rubutu, ya sa wa littafinsa naira ɗari biyar, mutum ɗaya ya biya, kafin gari ya waye an watsa shi a zauruka goma na WhatsApp. Mukan taru mu yi Allah ya isa, kuma da gaskiyarmu. To amma a wannan makon mu buɗe wayoyinmu mu ƙirga waƙoƙin da ke ciki. Guda nawa ne mai su ya ga ko sisi daga hannunmu?

A nan Babura, haka a Kazaure da Roni da Gwiwa, kowa ya san hanyar. Ka miƙa wa mai shagon caji memori, ka ba shi 'yan canji, ya cika maka da Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker da Umar M. Shareef, ya ɗora da Shata da Ɗanƙwairo. Da yamma ka tura wa abokai ta Xender. Mai caji ya samu, kai ka more, wanda ya biya kuɗin situdiyo kuwa ko labari bai ji ba. A zamanin kaset da faifai, lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ke ci, aƙalla akwai ciniki tsakanin mawaƙi da 'yan kasuwa. Yanzu ko wannan babu.

Hujjar da muka saba kawowa ita ce manhajojin jin waƙa na masu kuɗi ne. Bari mu duba. Spotify ya shigo Najeriya a 2021 da naira 900 a wata, ya koma 1,300 a 2024, sannan 1,600 a 2025. Apple Music ya tashi daga 1,000 zuwa 1,300 a 2025. YouTube Premium, wanda ke cire talla, ya tashi daga 1,100 zuwa 1,700 a shekarar. Ga kuma waɗanda ake saurare kyauta a bisa sharaɗin jin talla: Audiomack, da Boomplay da ke zuwa cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, wato irin wayoyin da ke aljihun akasarinmu. Ko a na kyautar nan, idan waƙar tana kan shafin mai ita na gaskiya, ana ƙirga masa sauraron.

Yanzu mu sa kuɗin data a gefe guda. Wanda ke sayen data ta ɗari biyar duk mako, a shekara ya kashe naira 26,000. Wanda ya biya Spotify shekara guda a farashin 1,600 ya kashe 19,200. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ratar sai ƙara buɗewa take. Ashe ba mu ƙi biya ba, kamfanin layi muke biya kullum ba tare da ƙorafi ba, mai fasaha ne kawai muke jin ƙyashin ba shi.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Kuɗin da ka biya ba ya tafiya kai tsaye aljihun mawaƙin da kake so. Ana tara na masu biya a ƙasa ɗaya, kamfani ya cire nasa, a raba sauran gwargwadon yawan sauraro. Don haka kaso mafi tsoka na manyan mawaƙan Legas ne, kuma sauraro ɗaya daga Babura bai kai darajar ɗaya daga Amurka ba, saboda can kuɗin wata ya ninka namu sau da yawa. Tun 2024 ma, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, Spotify ba ya biyan ta. Ga matsalar sabis a ƙauyukanmu na bakin iyaka, ga katin banki da kan ƙi shiga. Duk wannan gaskiya ne. Amma abin da ya yi kaɗan ya fi babu, kuma yawan sauraron da ke rubuce shi ne shaidar da mawaƙi zai nuna wa masu talla da masu gayyata.

Shawararmu uku ce. Na farko, mu ware shafi ɗaya a littafin da muke tsara labari, mu rubuta duk abin da waya ta ci a wata: data, caji, kuɗin manhaja, kuɗin littafi. Mu duba saƙon banki, domin wasu manhajojin suna cirar kuɗi da kansu bayan kwanakin gwaji sun ƙare. Na biyu, kada mu tara biyu ko uku don burga. Mai bin waƙoƙin Hausa da bidiyonsu YouTube ya ishe shi, mai lallaɓa data ya riƙe Audiomack ko Boomplay, ya sauke waƙar cikin manhajar lokacin da sabis ya yi kyau. Na uku, mu nemi shafin mawaƙin na ainihi, mu bar na masu kwafi.

Akwai kuma darasi gare mu. OkadaBooks, inda marubutanmu da dama suka sayar da littattafai, ya rufe a Nuwamban 2023. Manhaja rumfar haya ce, mai ita na iya ƙara kuɗi ko ya kulle ƙofa ranar da ya ga dama. Mu ajiye asalin rubutunmu a wurare biyu, mu san masu karatunmu da kanmu.

Aminu Ala ya rubuta littattafai, ya kuma yi waƙa, kuma duka biyun da tunani da hana ido barci ake yin su. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta kare waƙa kamar yadda ta kare littafi. Idan muna so mai karatu ya ji nauyin tura littafinmu ba da izini ba, mu fara jin nauyin tura waƙar wani.

Allah ya sa wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in muna raye.